Ƙazuwar Kare: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Maganinta

Wata safiya lokacin ɗari, wata mata ta zo asibiti da ƴaƴanta biyu maza, babban mai shekara tara, ƙaramin mai shekara shida. Hannuwansu da ƙirjinsu da cikinsu duk ƙananan ƙuraje ne jajaye, wasu har sun fashe saboda susa. Ta ce kwana goma ke nan yaran ba su yi barcin kirki ba. Malamin jinya ya buɗe tsakanin yatsunsu, bai ga komai ba. Ya tambaya ko akwai wani mai susa a gidan, ta ce babu, ita da maigida da jaririya duk lafiya lau. Sai ya ce mata, "Baiwar Allah, kuna da kare?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Akwai wanda ke gadin garkar maigida. Yaran nan ne ke kai masa abinci, suna wasa da shi. Amma shi ma ba shi da lafiya, gashinsa duk ya zube. Maigida ya ce in ranar kasuwa ta zo zai samo baƙin mai ya shafa masa, in bai warke ba a kore shi."

Ciwon yaran daga wurin karen nan ya fito, kuma ba zai rabu da gidan ba sai an yi wa karen magani. Korarsa ba mafita ba ce: zai kai cutar ga karnukan maƙwabta, garka kuma ta zama babu mai gadi a daidai lokacin da albasa ke ƙosawa. Ƙazuwar kare tana da magani, kuma in an bi ƙa'ida karen yana warkewa sarai.

Mece ce ke kawo ta?

Ƙazuwa ba sammu ba ce, ba kuma daga abinci take ba. Wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari ne ke kawo ta, dangin kaska, masu ƙafa takwas. Girman babbarsu bai kai rabin milimita ba, shi ya sa sai da madubin likita ake ganinsu da kyau. Iri uku ne suka fi damun karnuka, kuma yana da kyau a bambanta su, domin maganinsu da haɗarinsu ga mutane ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ƙwaro mai haƙa rami, wanda likitoci ke kira sarkoptes. Macen takan huda fatar sama, ta haƙa ɗan rami tana tafiya tana zuba ƙwai. Cikin kwana 3 zuwa 4 ƙwan ke ƙyanƙyashewa, kuma cikin kamar mako uku ƴaƴan sun girma sun fara nasu ƙwan. Jikin kare yana faɗa da ƙwaron da kashinsa da ƙwansa, wannan faɗa shi ne ke kawo ƙaiƙayi mai tsanani. Irin wannan ƙazuwa tana yaɗuwa da sauri daga kare zuwa kare, ta wurin haɗa jiki ko kwana wuri ɗaya, kuma ita ce ke taɓa mutane. Makiyaya sun san ƴar'uwarta a jikin raƙuma da awaki.

Na biyu shi ne ƙwaron ramin gashi, mai suna demodeks. Shi dogo ne siriri, yana zaune a gindin gashi. Kusan kowane kare yana ɗauke da kaɗan daga cikinsu ba tare da ciwo ba, domin kwikwiyo yana samunsu daga uwarsa tun kwana biyu ko uku na farko, lokacin shan nono. Sai in garkuwar jiki ta yi rauni, saboda yunwa ko tsutsar ciki ko wata cuta ko tsufa, sannan suke yawa har gashi ya zube. Wannan ba ya kama mutum, kuma ba ya yawo tsakanin manyan karnuka kamar na farko.

Na uku shi ne ƙwaron kunne. Yana zaune cikin ramin kunne, ya fi kama kwikwiyo da kyanwa, kuma yana wucewa daga ɗaya zuwa ɗaya cikin sauƙi.

Yadda za ku gane

Kare mai ƙwaron rami ba ya hutawa. Yana susa dare da rana, yana cizon jikinsa, yana goga jiki a bango ko turke. Ciwon yakan fara a inda gashi ba shi da yawa: bakin kunnuwa, gwiwar ƙafafun gaba, ƙasan ƙafafun baya, ƙirji da ciki. Da farko jajayen ƙuraje ne, daga baya sai ɓamɓaroki mai ruwan ɗorawa, gashi ya riƙa zubewa. In an daɗe, fata takan yi kauri ta yi baƙi ta tattare, karen ya rame, ya riƙa wari.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka sa hannunka cikin leda, ka murza bakin kunnen karen a hankali tsakanin yatsu biyu. In ka ga ƙafarsa ta baya ta fara motsi kamar yana susa, to mai yiwuwa ƙwarai ƙwaron rami ne. Wata alama kuma ita ce a ga sauran karnukan unguwa suna susa, ko mutanen gida sun fara ƙuraje.

Ƙwaron ramin gashi kuwa ya fi bayyana a jikin kare ƙarami da bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Za ka ga ɗan sanƙo nan da can, a kewayen ido, a gefen baki ko a ƙafafun gaba, kuma da farko ba ya susa sosai. In wuraren ƴan kaɗan ne, galibi sukan warke da kansu cikin wata biyu in karen yana samun abinci mai kyau. In kuwa suka bazu ko'ina, fata ta yi ja, mugunya ta fara fita, ƙafafu suka kumbura, wannan babban ciwo ne da ke bukatar likitan dabbobi.

Mai ƙwaron kunne yakan yi ta girgiza kai yana ƙarzar kunne. In ka leƙa ciki za ka ga baƙin dauɗa busasshe kamar garin gawayi.

Ba kowane zubewar gashi ba ne ƙazuwa. Ƙuma da kwarkwata da kaska ma suna sa susa, amma su ana ganinsu da ido in an buɗa gashi. Makero yana yin zagayayyen sanƙo, yana kama yara, kuma maganinsa daban ne. Saboda haka malamin dabbobi yakan kankari fata kaɗan da reza ya duba a madubin likita. Ƙwaron ramin gashi yana da sauƙin gani. Na rami kuwa sau da yawa ba a dace da shi ba ko da yana nan, don haka akan ba da magani bisa alamun da aka gani.

Abin da take yi wa mutane

Ƙwaron kare yana hawa jikin mutum ya cije shi, amma ba ya iya zama ya yi ta hayayyafa kamar yadda yake yi a jikin kare. Ƙurajen sukan fito a inda jiki ya taɓa karen, wato hannuwa, ƙirji, ciki da cinya. Da zarar an yi wa karen magani, ko an daina taɓa shi, sukan baje da kansu cikin ƴan makonni. In ba a yi masa ba, kullum sabbin ƙwari ke hawa, ƙaiƙayin ba ya ƙarewa.

Ƙazuwar mutane daban take. Daga mutum take zuwa mutum, ta wurin kwana shimfiɗa ɗaya da haɗa tufafi. Takan fito tsakanin yatsu, a wuyan hannu, a hammata, a ƙugu da gaba, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma takan bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta warkewa da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 200 ke fama da ita, kuma a shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da ba a kula da su yadda ya kamata ba. Maganinta na shafawa ne daga wuya har tafin ƙafa, kuma dukan mutanen gida ake yi wa rana ɗaya. Kada a ɗora wa kare laifin wannan. Ku zo a duba, ma'aikacin lafiya ne zai faɗa muku wadda kuke da ita.

Ko wace iri ce, babban haɗarin yana cikin susa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in farce ya yage fata, ƙwayoyin cuta sukan shiga, ƙuraje su yi mugunya su zama gyambo. A jikin yara, wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna iya taɓa ƙoda bayan ƴan makonni. Ku yanke wa yara farce, ku wanke ƙurajen da sabulu da ruwa mai tsabta. In kun ga mugunya ko zazzaɓi, ku kawo yaro asibiti. In fuskarsa ko ƙafafunsa suka kumbura, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu kamar ruwan shayi, ku kawo shi a ranar, kada a kwana.

Abubuwan da ba a yi

Baƙin mai na mota ko na injin ban ruwa shi ne abin da mutane suka fi gudu su ɗauko. Yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, dafinsa yana ratsa fata ya shiga jini, karen kuma yana lasa ya haɗiye. Yana iya lalata hanta da ƙoda, ya kashe karen. Haka kananzir da fetur da ruwan batir.

Maganin feshin gona da fiya-fiya ma ba na jikin dabba ba ne. Karen da aka shafa wa yakan fara dalalar da miyau, ya yi rawar jiki, ya faɗi. Wanda ya shafa da hannunsa da yaron da ya rungumi karen daga baya, su ma suna cikin haɗari.

Kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol da ibufurofen, suna iya yi masa mummunan lahani. Kada a shafa masa man bilicin ko man kashe ƙaiƙayi da ake sayarwa a kasuwa: ƙaiƙayi zai lafa na ɗan lokaci, amma ƙwarin za su ƙara yawa. In an riga an shafa ɗaya daga cikin abubuwan nan masu dafi, a wanke karen da sabulu da ruwa mai yawa, a nemi malamin dabbobi.

Maganin da ke aiki

Matakin farko shi ne zuwa ofishin ma'aikatan kiwo ko wurin malamin dabbobi na yankinku. Shi ne zai ƙiyasta nauyin karen ya zaɓi magani.

Allurar ibamektin ita ce aka fi samu a karkara, domin ita ake yi wa shanu da awaki, da sunaye irin su Ivomec. An fara sayar da ita don dabbobi a 1981, kuma masana biyu da suka gano ta, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Ga ƙwaron rami, akan yi ta a ƙarƙashin fata, yawanci sau uku, da kwana 14 tsakanin kowace allura. Dalilin maimaitawa shi ne allurar tana kashe ƙwari amma ba ta kashe ƙwai. Ta biyu da ta uku su ne ke tarar waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su kai ga zuba nasu ƙwan. Wanda ya yi allura ɗaya ya tsaya don ya ga sauƙi, bayan wata guda zai koma inda ya fara.

A lura da awo. Mililita ɗaya ta wannan allura ta dabba mai kilo 50 ce. Karen ƙauye mai kilo 15, abin da yake bukata bai kai rabin mililita ba. Wanda ya saba yi wa sa allura, in ya ja wa kare da irin wannan hannu, zai iya kashe shi. Alamun an wuce awo su ne miyau, tangaɗi, rawar jiki, baƙin ido ya buɗe, karen ya daina gani ko ya suma. Ba a yi wa ɗan kwikwiyo mai shan nono, kuma wasu karnukan Turai masu kiwon tumaki ba sa jure ta ko kaɗan. Shi ya sa aikin na malamin dabbobi ne. Ƙwayar Mectizan da ake rabawa a wasu yankuna saboda makantar kogi, sinadarinsu ɗaya, amma an auna ta don mutum: kada a ba kare. Haka kuma kada wani ya kuskura ya yi wa mutum allurar dabbobi.

Akwai kuma maganin wanka mai suna amitiraz, wanda ake kashe kaskar shanu da shi, da sunaye irin su Taktic. In mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100 ne, mililita 2 ake sawa a lita 1 ta ruwa, ba ƙari. Ana jiƙa jikin karen duka da soso, ban da ido da baki da cikin kunne, a bar shi ya bushe a inuwa ba tare da ɗauraya ba, a maimaita bayan mako biyu. A yi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ko leda. Mace mai ciki, mai ciwon sukari da mai asma kada su yi wannan aiki. Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko kare mai buɗaɗɗen rauni. Ba a yi wa kyanwa, ba a yi wa doki ko jaki. Karen yana iya yin kasala na kwana ɗaya. Ragowar ruwan a zuba a rami nesa da rijiya da tabki, kwalbar kuma a ajiye inda yaro ba zai kai ba.

A wasu manyan birane ana samun sabbin ƙwayoyi da kare ke taunawa, irin su Bravecto da NexGard. Na farko yana aiki mako 12, na biyu wata guda. Suna kashe ƙwaron rami da na ramin gashi da na kunne, har da ƙuma da kaska. Suna da tsada, amma ga mai hali sun fi sauƙi. A saya a shagon magungunan dabbobi da aka sani, daidai da nauyin karen.

In malamin dabbobi yana nesa, farar wuta tana taimakawa kafin a same shi. A kwaɓa awo ɗaya na garinta mai laushi da awo tara na man kaɗanya ko basilin, a shafa kaɗan-kaɗan a wuraren da suka kamu, a hana karen lasa. Aikinta a hankali ne, kuma ba ta isa ga karen da ƙazuwa ta game jikinsa.

Ƙwaron ramin gashi da ya bazu yana bukatar haƙuri, domin maganinsa yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu ko fiye, kuma sai gwaji ya nuna ƙwarin sun ƙare ake tsayawa. In akwai mugunya, malamin zai haɗa da maganin ƙwayoyin cuta. Na kunne kuwa, a goge dauɗar da ke bakin kunne da auduga, kada a cusa tsinke, sannan a yi maganin da aka bayar.

Aikin mutanen gida

Magani rabin aiki ne, sauran rabin yana hannunku. Ga abin da za ku yi:

Kafin a fara, ku yi wa karen wanka da sabulu da ruwa mai ɗumi don ɓamɓarokin ya yi laushi ya fita. In yana da dogon gashi, ku rage da almakashi. Da ɗari, ku yi wankan da hantsi don ya bushe kafin yamma.

Ku ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, domin kare mai jin zafi yana iya cizon ko da maigidansa. Babba ne zai riƙe shi, ba yaro ba.

Duk karnukan gidan a yi musu magani rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba. Ku yi magana da maƙwabta da abokan farauta su ma su yi wa nasu. In an kira malamin dabbobi sau ɗaya don unguwa duka, kuɗin zuwansa ya ragu wa kowa.

Ƙwaron rami yana iya rayuwa ƴan kwanaki a ƙasa ko a buhu, ya fi daɗewa a wuri mai sanyi da laima. Ku ƙone tsofaffin buhuna da tsummokaran da yake kwana a kai, ku share wurin, ku bar rana ta doke shi. Tufafi da zannuwan da suka taɓa shi a wanke da ruwan zafi a shanya. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle a leda na mako guda.

Ku ɗaure karen a inuwa da ruwan sha, nesa da tabarmar yara, har a yi allura ta biyu. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Ku ƙara masa abinci. Ƙanzo da dusa kaɗai ba sa gina fata. Ku haɗa masa da kan kifi, ɗan nono, ragowar wake ko kayan ciki. Kayan cikin a dafa su tukuna, domin ɗanye yana sa wa kare tsutsar da ke iya komawa jikin mutum. Ku roƙi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki.

Kada ku karaya in susa ba ta tsaya nan take ba. Takan ragu cikin mako biyu, amma tana iya kai wata guda kafin ta ƙare, gashi kuma yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe jiki.

Tunda malamin dabbobi ya zo

Ku yi amfani da zuwansa a yi wa karen rigakafin haukan kare. Wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukansu ta cizon kare, kuma in alamunta suka bayyana babu magani. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Matar nan ta koma gida da maganin rage ƙaiƙayi da na ƙurajen da suka yi mugunya, da kuma saƙo zuwa ga maigida: a bar zancen baƙin mai, a nemi malamin dabbobi. Ranar kasuwa aka same shi, ya yi wa karen allura ta farko, ya rubuta ranakun sauran biyun a takarda. Maƙwabta biyu suka kawo nasu karnukan. Bayan mako uku da ta dawo awon jaririya, ta zo da yaran, hannuwansu sun washe sai ɗan tabo. Ta ce gashi ya fara tsirowa a kunnuwan karen, kuma saura allura ɗaya.

In akwai kare mai susa a gidanku ko a unguwarku, ku duba kunnuwansa da gwiwoyinsa yau, ku duba hannuwan yaranku, sannan ku tambayi ranar da malamin dabbobi ke zuwa kasuwarku.